Gida mai hawa biyar a cikin wayarka, da mai tsaron ƙofarsa

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako. Mun rubuta shi ne don wanda sabis ya yanke masa a daji, da wanda ya ji rabi direba ya kashe rediyo.

Maganar ta taso daga koke biyu da ke yawan zuwa mana. Na farko, mutum ya kai shanu kasuwar Tulaku kusa da Ashaiman, an yi ciniki, an tura masa kuɗi ta MoMo, sai layin ya ɓata ko aka rufe shi. Ya je ofis, a ce masa layin ba da sunansa yake ba, ba a san shi ba. Na biyu, guruf ɗin WhatsApp na 'yan kasuwa, wanda ake faɗin farashi da labarin hanya a ciki, a wayi gari lambar shugaba tana roƙon kowa ya turo kuɗi da gaggawa, alhali shugaban yana barci a Nima bai san hawa ba bai san sauka ba.

Koke biyu ne, amma ciwon ɗaya ne. Duka suna komawa ga tambayar nan: da me na'ura take sanin cewa kai ne kai? To bari mu warware ta daki-daki.

Tsarin maigida, tun kafin waya

Ka tuna yadda kakanninmu suke yi. Unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Gana, ta faro ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wanda dillancin shanu ne sana'arsa, ya samu fili daga hannun Gawa mutanen Osu. Baƙi suka riƙa sauka, zango ya faɗaɗa har ya haɗe da Maamobi. Bafatake ya taso daga Sakkwato ko Tawa, bai san kowa a bakin teku ba, ba ya jin yaren garin. Ina zai dosa? Gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali. In mahauci ya ɗauki sa bashi, maigida ne ya tsaya. Kasuwa ba ta san baƙon ba, maigidansa ta sani.

In ka duba da kyau, aiki uku maigida yake yi. Yana tambaya: wane ne kai, ɗan gidan wa? Sannan: da me za ka tabbatar, wa ya aiko ka, ina saƙonsa? Sannan ya yanke iyakar inda za ka shiga: zaure naka ne, ɗakin baƙi naka ne, amma cikin gida da ɗakin ajiya ba ruwanka da su.

Manyan kamfanonin duniya, da bankunan da kake gani a Ankara da Kano da Yamai, tambayoyin nan uku suke yi wa ma'aikatansu kullum safiya. Bambancin kawai, kwamfuta ce take tambayar. Suna da manhajojin da ma'aikata ke haɗuwa su yi aiki tare ko da ba gari ɗaya suke ba: wasiƙa, taro ta bidiyo, ajiyar takardu, kalandar aiki. Akwai Teams na kamfanin Microsoft da ya fito a 2017, akwai Slack, akwai Google Workspace. An gina su kamar gidan bene, hawa kan hawa. Wanda ya gane ginin nan zai gane abin da ke faruwa da layinsa, da MoMo ɗinsa, da guruf ɗinsu.

Hawa na ɗaya: tushen gini

A ƙasa can akwai abin da ake iya taɓawa da hannu: dogayen ƙarafan sabis, wayoyin da aka binne a gefen titi, manyan igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, da gidajen da aka cika da kwamfutoci, suna aiki dare da rana. Saƙon muryar da ka tura daga Paga zuwa Maamobi ba tsalle yake yi daga wayarka zuwa ta abokinka ba, sai ya bi ta nan.

Wanda yake Gana ranar 14 ga Maris 2024 ya ga aikin wannan hawa da idonsa. Igiyoyin teku huɗu suka lalace lokaci guda a yankin gaɓar Kodibuwa, intanet ta tsinke ko ta yi rauni a Gana da Najeriya da Laberiya da wasu ƙasashe. Wayarka lafiya lau, ka sa data, amma shiru. In tushe ya girgiza, duk benen sai ya ji.

Hawa na biyu: kundin sunaye

A kan tushe akwai kundi. Kowane kamfani yana da rajista guda ta mutanensa: sunan ma'aikaci, sashensa, muƙaminsa, wa ke sama da shi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Active Directory na Microsoft, da ya fito tare da Windows 2000. Ɗan'uwansa da ke zaune a intanet, tun 2023 ake kiransa Entra ID. Kada sunayen su dame ka. Ɗauke shi kamar littafin da sakataren ƙungiyar masu shanu yake rubuta 'yan ƙungiya a ciki.

Amfaninsa shi ne guda ɗaya ne tak. In an ɗauki sabon ma'aikaci, a rubuta shi sau ɗaya, duk ɗakunan da suka dace da shi su buɗe. In an sallame shi, a soke sunansa a wuri ɗaya, duk ƙofofi su rufe a take. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hawa na uku: mai gadin ƙofa

Sunanka yana kundi, to amma wa ya ce kai ne mai sunan? Nan mai gadi yake shigowa. Hujja iri uku ake karɓa. Akwai abin da ka sani, wato lambar sirri. Akwai abin da kake riƙe da shi, wato wayarka ko layinka ko katinka. Akwai abin da ke jikinka, wato zanen yatsa ko fuska. Kai makiyayi ka san wannan tun kana yaro. In an yi gardamar saniya a kasuwa, ba a tsayawa kan hujja ɗaya. A duba tsagar kunne, a duba tambarin wuta, a kira wanda ya san uwarta. Hujja ɗaya ɓarawo yana iya ƙirƙira, biyu ko uku sai ya sha wuya. Shi ya sa kamfanoni suka daina yarda da lambar sirri ita kaɗai, sai an haɗa da ta biyu.

In mai gadi ya gamsu, sai ya ba wayarka wani ɗan tikiti mai hatimi, wanda kai ba ka gani. Tikitin yana da wa'adi. Kowane ɗaki ka nufa, hatimin za a duba, ba za a sake tambayarka lambar sirri ba. Kamar takardar da kwastan suka buga wa hatimi a Paga ce. Shingen da ke hanyar Tamale da Techiman da Kumasi ba sa sake sauke lodi, hatimin suke kallo. To amma ka lura: duk wanda takardar ta faɗa hannunsa, zai iya wucewa da ita kafin wa'adinta ya cika.

Hawa na huɗu: iyakar kowa

Shiga gida daban, shiga kowane ɗaki daban. A banki, mai karɓar kuɗi yana ganin asusunka amma ba ya iya ba da bashi. Manaja yana sa hannu, amma babban kuɗi ba ya fita sai wani ya sake sa hannu. Ƙa'idar ita ce a ba kowa mabuɗin da aikinsa ke buƙata, kada a ƙara masa ko ɗaya. Yaron shago yana sayarwa yana ba da canji, amma mabuɗin akwatin kuɗi yana aljihun mai shago. Ba zargi ba ne, tsari ne. Kuma kowace ƙofa aka buɗe, na'ura tana rubutawa: wane ne, ƙarfe nawa, daga wace waya. Ranar da abu ya ɓace, wannan littafin ake buɗewa.

Hawa na biyar: ɗakunan aiki

A sama can sai abin da ido ke gani: wurin hira, wurin taro, wurin ajiye takardu. Yawancin mutane wannan hawa kaɗai suka sani, suna zaton shi ne gidan duka. Alhali shi ne mafi sauƙin canzawa. Kamfani yana iya barin wannan manhaja ya koma waccan, kundin sunayensa yana nan daram.

A ranar 4 ga Oktoba 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke kusan awa shida a duk duniya, saboda kuskuren da aka yi a hawan ƙasa na kamfanin. Har kayan aikin da injiniyoyinsu za su yi gyara da su sun tsaya, don su ma a kan tushen suke zaune. Wanda duk cinikinsa a guruf yake, ranar nan sai da ya nemo lambobin mutane ya kira su ɗaya bayan ɗaya.

Gana ma irin ginin nan ta yi

To me ya haɗa ka da wannan, kai da ba ma'aikacin banki ba? Abin da ya haɗa ka shi ne gwamnatin Gana ta gina ƙasar duka a kan wannan fasali, kuma kana cikin gidan ko ka sani ko ba ka sani ba.

Kundin sunayen shi ne na hukumar NIA, mai ba da Ghana Card. An kafa ta da doka a 2006, rajistar gama-gari kuma ta fara a yankin Ankara a watan Afrilu 2019. Ana ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska da ƙwayar ido, a ba ka lamba guda wadda ta fara da GHA, taka ce har ƙarshen rayuwa. Daga nan aka fara ɗaura ɗakuna a kanta. Daga 1 ga Afrilu 2021 lambar katin ta zama lambar harajin mutum. Daga 1 ga Oktoba 2021 aka fara sabuwar rajistar layukan waya: ka danna *404# ka haɗa layin da katin, sannan ka je a ɗauki yatsunka da fuskarka. An yi ta ɗage wa'adi har zuwa 31 ga Mayu 2023, bayan nan aka rufe layukan da ba su kammala ba. Daga 1 ga Yuli 2022 Babban Bankin Gana ya ce katin ne kaɗai shaidar da za a karɓa a hulɗar banki. Inshorar lafiya da kake nunawa a asibitin Maamobi ita ma ana haɗa ta da katin, ana sabunta ta da *929#.

Haka a kwastan. Tun watan Yuni 2020 duk shigar da kaya da fitar da su ta tsarin ICUMS ake yi, daga tashar ruwa ta Tema har Aflao da Paga. Wannan manhajar aikin haɗin gwiwa ce sosai: ejan yana shiga da nasa asusun ya cika takarda, jami'in kwastan da nasa, banki da nasa, kowa da iyakar abin da yake gani. Kayanka kuma da lambar harajin mai kaya ake rubuta su. In da sunan wani aka shigar, a idon na'ura kayan nasa ne.

Ka ga sarƙar? Kati ya riƙe layi. Layi ya riƙe MoMo, wanda MTN ta fara a Gana a 2009, kuma tun watan Mayu 2018 ake iya turawa daga wannan kamfani zuwa wancan ta hanyar GhIPSS ta Babban Banki. Layin nan dai shi ya riƙe WhatsApp. In zoben farko na wani ne, duk abin da ke rataye a ƙasa nasa ne. Mai shanun da muka fara da shi, abin da ya same shi ke nan. Ya sayi layi a bakin tasha da aka riga aka yi wa rajista, ko ya ce wa wani yaro ya yi masa da katinsa. Muddin wayar tana hannunsa ba matsala. Ran da ta faɗa rafi, mai gadi zai ce a kawo yatsan mai suna, shi kuwa yaron yana Libiya.

Najeriya ma haka take: lambar NIN mai lamba 11, da BVN ta banki tun 2014, da umarnin haɗa layi da NIN tun Disamba 2020.

Inda takalmin ke matsa mutanen zango

Sai mu faɗi gaskiya, maganar takarda a zango tana taɓa tsohon miki. Dattawan Nima ba su manta da Nuwamba 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a nan suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Har yau kuma Fulani da 'yan zango da yawa suna kokawa cewa a wurin rajista suna ko kamanni kan jawo musu tambayoyin da ba a yi wa wasu.

Ga abin da ya kamata ka sani. A tsarin mulkin 1992, wanda aka haifa bayan ya fara aiki ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. Ba yare ake dubawa ba, ba kuma wurin haihuwa kaɗai ba. Wurin rajista ana karɓar takardar haihuwa ko fasfo. Wanda ba shi da su, ɗan'uwansa mai kati yana iya rantsuwa ya tsaya masa, ko mutum biyu daga waɗanda doka ta amince da su. Ka ga tsarin maigida bai mutu ba, ofis ya koma.

In kuwa kai ba ɗan Gana ba ne, ɗan Nijar ne ko Najeriya ko Burkina da ke zama a nan, akwai katin baƙi na NIA. Ana biyan kuɗi, ana sabunta shi kowace shekara, kuma yana kan wanda zamansa ya kai kwana 90 a shekara. Da shi za ka yi rajistar layi ka buɗe asusu da sunanka na gaskiya. Kuɗin yana da ciwo, ba mu musa ba. Amma gwada shi da kuɗin sa goma da za su maƙale a layin wani. Kada kuma ka yarda a yi maka katin ɗan ƙasa da bayanin ƙarya. Laifi ne a doka, kuma yatsunka sun riga sun shiga kundi, ba sa canzawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ƙetaren iyaka fa?

Kamfanoni biyu in za su yi aiki tare, ba sa haɗe kundinsu. Sukan yi yarjejeniya: wanda mai gadinka ya buga wa hatimi, ni ma na karɓe shi. Haka ƙasashe suke yi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda 'yan Nijar ke kira CEDEAO, ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ya zauna har kwana 90 ba biza. Ghana Card kansa yana ɗauke da tambarin ECOWAS. Ku masu kiwo kuma akwai takardar ƙetare iyaka da dabbobi da aka amince da ita a 1998, mai nuna yawan garke, allurar rigakafi, da hanyar da za a bi. Ita ce katin shanunku.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025. A lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku, a kuma bar su da 'yancin zirga-zirga, har sai an sanar da wani abu. Abin da ke tsaye a kan "har sai an sanar" yana iya motsi. Kafin ka ɗaure lodi daga Galmi zuwa kasuwar albasa ta Adjen Kotoku, tambayi direban da ya dawo jiya abin da ake nema a shinge.

Guruf ɗinku gida ne mara kundi

Yanzu mu dawo kan WhatsApp, don shi ne ofishin 'yan kasuwarmu. A nan ake faɗin farashin buhu, a tura hoton sa, a yi ciniki da murya. Hawa na biyar ɗinsa yana da kyau, saƙo kuma a kulle yake tafiya, ba mai karanta shi a hanya. Rauninsa a tsakiya yake. Ba shi da kundin da ƙungiyarku ke riƙe da shi. Shi lambar waya kawai ya sani. Duk wanda ya karɓi lambobi shida da ake turowa ta saƙon tes, shi ne kai. Iyakar kowa kuma mataki biyu ne kacal, admin da sauran jama'a.

Akwai wani abin da mutane ba su lura da shi. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani. Ka tafi mashekari da shanu wata da watanni, ko ka koma gida ka jefar da layin Gana. Wani baƙo ya sayi lambar, ya buɗe WhatsApp, yana iya tsintar kansa a guruf ɗinku yana jin wa ya taso da kuɗi, wace mota, wace rana. A hanyar da ake fashi da satar mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɓarawon zamani ta ƙofa yake shiga

Mutane suna zaton sai gwanin kwamfuta ke fasa waya. Mafi yawan lokaci ba katanga ake haurawa ba, mai gida ake yi wa daɗin baki ya miƙa mabuɗi da hannunsa. A watan Yuli 2020 wasu samari sun yaudari ma'aikatan Twitter ta waya, suka shiga da asusunsu, suka ƙwace shafukan manyan mutane har da na Barack Obama. In an yi wa wannan kamfani haka, kai da ni sai mu yi hattara.

Salon da ake yi mana kusan uku ne. Wani ya kira ka da sallama da ladabi, ya ce za a yi taron ƙungiya ko addu'a ta intanet, an turo maka lambar shiga, ka karanto masa. Lambobin nan shida mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Wani ya turo saƙo mai kama da na MoMo, ya kira yana kuka wai kuskure ya yi ka mayar masa, alhali ko sisi bai shigo ba. Wani kuma ya nemi a sauya masa layinka da sunan ya ɓata. In sabis ya ɗauke a wayarka kai kaɗai, na kusa da kai suna da shi, kada ka jira gobe.

Abin yi

Kai ɗaya tukuna. Layin da kuɗi ke shiga ya zama da sunanka da yatsanka, ko da za ka yini a layi a ofis. A rajistar da aka fara a 2021 an ba ɗan ƙasa damar layi har goma a Gana, to ka bincika layukan da ke kan katinka, in ka ga wanda ba ka sani ba ka sa a cire, don laifin da aka yi da shi ƙofarka zai zo. Shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambobi shida naka na kanka. In karatun boko ya yi maka nisa, ɗanka ya nuna maka wurin, amma kai za ka danna. Kada lambar sirri ta zama shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayarka. Kada ka miƙa wa mai MoMo waya ka faɗa masa lambar a bainar jama'a. Saƙon kuɗi kuma kada ka gaskata shi sai ka duba asusun da kanka, kafin a kwance sa daga turke. In za ka canza layi, yi amfani da wurin canza lamba na cikin WhatsApp, kada ka watsar da tsohon haka nan.

Sai ƙungiya. Ku gina hawan da WhatsApp bai ba ku ba. Sakatare ya riƙe littafi na takarda: suna, gari, lamba, da wanda ya tsaya wa mutum. Ba a sa kowa a guruf sai da mai tsaya masa. Admin ya zama biyu ko uku, a garuruwa daban-daban, kada ya zama ɗaya kuma kada ya zama ashirin. Kowace Sallah a zauna a tace guruf: wanda ya rasu, wanda ya bar sana'a, lambar da ta yi shiru, a cire. Ku raba ɗaki: guruf na farashi da gaisuwa daban, maganar tafiyar kuɗi da ranar tashin mota a tsakanin mutum uku ko huɗu da abin ya shafa. Kuɗin ƙungiya ya zauna a asusun da sai mutum biyu sun sa hannu. Ku kuma kafa doka guda: duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce, ko shugaba ne, sai an kira shi an ji muryarsa, an tambaye shi abin da baƙo ba zai sani ba. Murya ma yanzu na'ura tana kwaikwayo, shi ya sa tambayar take da amfani.

In ɓarna ta riga ta faru, lokaci ne jarinka. Kira kamfanin layinka a rufe asusun, sanar da guruf ta wayar wani, kai ƙara ga 'yan sanda. A Gana kuma hukumar tsaron intanet tana karɓar rahoto a lamba 292.

Abu na ƙarshe, mai nauyi ne amma dole a faɗa. Rai na Allah ne. Mutum yakan rasu a hanya da kuɗin mutane a waya, ba wanda ya san asusu nawa gare shi. In layin da sunansa yake, magada suna iya bi da takardar shaidar mutuwa da takardun gado su karɓa. In da sunan wani ne, haƙƙin marayu da na masu bin bashi ya shiga rububi. Rubuta a takarda wane layi da wane banki kake ajiya, ban da lambar sirri, ka ba amintaccenka ya adana.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko maganar takardar ƙetare iyaka da dabbobi: inda ake karɓarta, da abin da likitan dabbobi yake dubawa kafin ya sa hannu. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na kusa da shi a tasha ko a ruga. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa da garke. Mu kwana lafiya.